Kawu Sannu-Sannu Ya Hau Jirgi

Kawuna direba ne. Sama da shekara talatin ya yi yana jan motar haya tsakanin garinmu da garin da ke bayan duwatsu, tafiyar kilomita wajen ɗari shida. In ya tashi da sassafe, sai rana ta faɗi yake shiga tasha, shi ma in taya ba ta yi faci ba. 'Yan tasha suna ce masa Sannu-Sannu don ba ya gudu, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Ya san kowane rami a hanyar, har yakan ce wasu ramukan tare suka tsufa.

Da idonsa ya fara gani dishi-dishi, da kansa ya miƙa makulli. Ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa jikoki keke. In mota ta wuce, sai ya faɗi abin da ke damun injinta, ba wanda ya tambaye shi.

Autarsa tana aure a can garin. Haihuwarta ta zo da gardama, mijinta ya aiko wa iyayenta da tikitin jirgi biyu, ya ce kada su biyo mota. Kawu ya so ya noƙe. Inna, matarsa, ta ce ya zauna in ya ga dama, ita dai ta tafi. Sai ya ɗauko hularsa.

Ni na raka su, na sayi nawa tikitin. A filin jirgi ya tambayi wata ma'aikaciya nisan tafiyar, ta ce kilomita ɗari huɗu ne ta sama, minti hamsin. Ya ce sauran ɗari biyun fa, ina suka kai su? Ta yi dariya ta ce ai sama ba kwana.

Ƙaramin jirgi ne mai farfela. Kawu ya manna goshi a taga, amma idon ya ƙi ba shi komai, sai Inna ta leƙa ta kafaɗarsa tana gaya masa. Ta ce ga kogi da gada. Ya ce a nan yake tsayawa da rana injin ya sha iska, ya fara ba ta labarin wani mai shayi a gindin gadar. Bai kai ƙarshe ba ta ce ga duwatsu. Can kuma aka ce a ɗaura bel, za mu sauka.

Kawu ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, ashe nan kusa kake zuwa, nake ta zaman jiranka."

"Ta ƙasa da nisa," in ji shi a hankali.

"Na sani," ta ce, ta gyara masa wuyan riga.

Kafin azahar muna asibiti. Auta tana kwance, ta rame, amma da sauƙi. Aka ɗora masa jaririyar a hannu, ya riƙe ta ƙam, ya ƙi zama sai da aka matsa masa. Auta ta jawo hannun rigarsa ta sunsuna, ta ce yau ce rana ta farko da Baba ya dawo daga tafiya ba ya warin mai. Ya yi dariya har da share ido.

Da za su koma, Inna ta ce a mayar da tikiti, ita mota za ta bi. Suka zauna gaba kusa da direba, tana tambaya Kawu yana ba ta amsa, har gida.