Fatar damisar da na ɗinke a jakar autanmu

Shekarun baya, lokacin ina da rumfar ɗinki a bakin Grand Marché, babbar kasuwar Njamena, na yi wa ƙanina wani taimako da ya kusa raba shi da aikinsa, ya kuma kwanar da shi a hannun hukuma a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Yanzu da abin ya daɗe da wucewa nakan ba da labarin har in yi dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne.

Ƙanin nan nawa shi ne autanmu. Gidanmu 'yan kasuwa ne tun kakanni, irin waɗanda suka taso za su Makka da ƙafa suka yada zango a Njamena, zangon ya zama gida. Shi kaɗai ya fita zakka. Ya yi karatun dabbobi, daga nan ya wuce Faransa, daga can wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki a wani ƙungurmin daji na Amurka ta Kudu, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Aikinsa shi ne bin sawun wata irin damisa da suke kira jaguwa. Suna ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi, duk wadda ta gitta a ɗauke ta hoto, sai su zauna su tantance su ɗaya bayan ɗaya, domin a cewarsa kowace damisa da zanen jikinta, babu biyu da suke iri ɗaya. Da haka suke sanin nawa suka rage, da kuma inda masu farautar fata suke yi musu ɓarna.

Ni dai abin bai taɓa shiga kaina ba. Dabbar da tun muna yara ake yi wa kirari da ƙi sabo, ita mutum da hankalinsa zai tsallaka teku ya je gadi?

Wata shekara ya zo hutu, ya zaunar da mu a tsakar gida zai burge mu da bidiyo. Muna kallo sai ga wata ƙatuwa mai kai kamar turmi ta faɗa ruwa, ta danƙo kada ta ƙeya, ta ja shi tudu. Shi yana ta murmushi yana cewa wannan ya san ta tun tana ƙarama. Mahaifiyata kuwa salati kawai take yi. Da ya fita sallar la'asar ta jawo ni gefe.

"Ke, kina gani dai. Yaron nan zai koma wurin abin da ke cin kada, mu kuma muna zaune kamar ba shi da kowa."

Na ce, "To Inna, ai addu'a muna yi."

"Muna yi. Amma a haɗa da dabara. Ki je kasuwar Dembé, layin masu maganin gargajiya. Kada ki bari ya ji, kin san halinsa da boko."

Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba, don ni ma zuciyata ta riga ta je Dembé kafin ta buɗe baki. Washegari na hau kilando, wato babur ɗin haya, na tafi. A can ƙarshen layin na sami wani tsoho zaune cikin ƙahonni da busassun saiwoyi, na zayyana masa komai. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kalas, Hajiya, magana ta ƙare. Damisa ba ta taɓa wanda yake ɗauke da warin 'yar'uwarta." Ya duba hagu da dama, ya jawo wani buhu, ya warware fatar damisa sukutum, ya yanko mini kamar tafin hannu daga wajen gadon baya.

Ranar da auta ya fita yin sallama da abokansa, na ɗauki babbar jakar da yake goyawa in zai shiga daji, na farke shafin cikinta, na shimfiɗa fatar, na mayar da ɗinkin da zare mai launin nasu. Ba yabon kai ba, ko wanda ya ƙera jakar ba zai gane an taɓa ta ba. Har tsayawa na yi ina kallon aikina ina jin daɗi.

Ya koma, wata takwas shiru lafiya lau. Duk sanda ya kira ya ce yana nan ƙalau, ni da Inna sai mu kalli juna mu yi murmushi, wai mu magani yana ci.

Wata Talata kafin azahar ina cikin gwada wata mata, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryarsa ce, amma kamar ta wani tsoho.

"Yaya, ki matsa inda ba kowa. An tsare ni a filin jirgi."

Abin awon ya suɓuce daga hannuna. Ya ce zai tafi wani taro ne tare da shugabarsu, shi ne ma zai yi jawabi a kan masu safarar fatar damisa. Karen 'yan duwan, wato kwastan, ya zo ya zauna a gaban jakarsa ya ƙi tashi. Aka zazzage kaya ba a ga komai ba, aka sa wuƙa aka farke shafin, sai ga fata. A gaban shugabarsa, a gaban jama'a. Kowa ya ɗauka ta jaguwa ce, daga dajin da aka ba shi amana.

"Wallahi Yaya ban san ta ba. Sharri aka yi mini. Sun dakatar da ni, sun karɓe takardar shigata daji."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye ba. Matar da nake gwadawa tana ta cewa, "Rasuwa aka yi?" Abin da na iya ce wa auta kawai shi ne Allah ya tona asirin wanda ya yi. Ku ji fa, da bakina.

Kwana biyu na yi ina riƙe da maganar. Wannan ita ce kunyar da har yau ban gama wankewa ba. Inna ta daina cin abinci, tana cewa, "Mun kashe shi da hannunmu," ni kuma ina lallashin kaina wai ƙila abin ya mutu da kansa. A rana ta uku aka sake shi a kan kada ya bar garin, ya kira ni ya ce ya gano bakin zaren. Akwai wani magidanci mai kwalekwale da ke ɗaukar musu kaya, shi kaɗai ke taɓa jakar, gobe zai ba da sunansa. Bawan Allah yana can ƙarshen duniya da iyalinsa, bai san Dembé ba, bai san ni ba, za a ɗaure shi a kan ɗinkina.

Na ce, "Auta, kada ka ba da sunan kowa. Ni ce."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ke, Yaya? Da hannunki?"

Na yi kuka na yi bayani, na ce tsoro ne, na ce ƙauna ce. Tambaya ɗaya ya yi, ko sauran fatar tana nan. Ya ce in koma in ɗauko hotonta daidai inda aka yanka, kada hannuna ya yi rawa. In zanen bakin ramin ya haɗu da na guntun da ke hannunsu, za su gane damisarmu ce ta nan, ba tasu ba, kuma za su yarda da labarina.

Na koma Dembé. Na ce wa tsohon wani ƙanin nawa ma zai shiga daji, Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Da ya warware buhun sai na tsaya sororo. Fatar da na bari kusan cikakkiya ta zama kamar rariya, rami nan rami can, har kunnuwan babu. Ashe ba ni kaɗai ce mai ƙani ba. Na gane nawa ramin a gadon baya, na zaro waya na ɗauka sau uku kafin ya farga.

"Hajiya! Me ke nan? So kike ki haɗa ni da 'yan gandun daji?"

Na ce, "Baba, maganinka ya riga ya haɗa ɗan'uwana da waɗanda suka fi su." Na bar shi yana ta faɗa da Larabci.

Na tura hotunan, na kuma zauna gaban waya na faɗi abin da na yi da Faransancina na kasuwa, har na nuna yadda na farke shafin jaka na mayar. Daga baya ya ce mini an kunna bidiyon nan a ɗakin taro cike da masana. Ni da ko hoton biki ba na son a ɗauke ni, ga ni can ina sharɓar hawaye ina koya wa Turawa ɗinki.

Zanen ya haɗu. An ci shi tara, an rufe maganar, amma sai da ya yi wata biyar a ofis kafin a mayar masa da takardar shiga daji, kuma jawabin da ya shekara yana shiryawa wani ne ya yi shi. Da ya sake zuwa hutu na nuna masa hotunan a babbar waya don in ba shi haƙuri ido da ido. Ya daɗe yana kallo, ya faɗaɗa wajen ciki da yatsa, sannan ya ce a hankali, "Mace ce. Kuma tana shayarwa aka kashe ta." A lokacin ina goyon 'yata ta uku. Tashi na yi na shiga ɗaki.

Yau muna lafiya da shi, yana kira, yana aiko wa yarana hotuna, Inna ma har ta san wasu damisun da zanensu. Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Na san ɗan'uwana tun yana tsumma, amma ban taɓa zama na tambaye shi me yake yi da rayuwarsa ba, kuma don me. Na yanke hukunci a kan abin da yake bukata, na ɗinke shi a ɓoye, na kira shi ƙauna. Abin da ya ba da ƙuruciyarsa yana hanawa, shi na je na saya da kuɗina na goya masa a baya.

Sau ɗaya tak ya taɓa tayar da maganar, muna shan shayi a unguwar Walia, gidan ƙanwar Inna. Wani ya tambaye shi ko ba ya tsoron dabbobin nan. Ya kurɓi shayinsa, ya kalle ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Shekara tara ina shiga dajin nan, damisa mai rai ba ta taɓa yi mini ko ƙwarzane ba. Wadda ta kama ni, matacciya ce, kuma daga gida na tafi da ita."