Ranar da Goggo Asabe Ta Kira Matattu a Gidan Biki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, zabiyar da matan Fagge ba sa tsayar da ranar biki sai sun ji ta bakinta. Allah ya jiƙanta. Ni ce babbar 'yar amshinta, ni kuma na gaje ta. Wallahi ba kewa kaɗai ta sa ni wannan rubutu ba, tsoro nake ji.

Da ƙuruciya a tsaye take waƙa, muryarta tana danne ƙwarya. Da girma ya zo sai ta koma kan kujera, ta gajarta baiti, ta riƙa barinmu muna jan amshi har ta mayar da numfashi. Bai dame mu ba, don muryar ma kauri ta yi, ta ƙara daɗi.

To aikin zabiya sunaye ne. Ta dubi mace ta kira ta, ta yabi uwarta da kakarta, matar ta taso ta taka. A wani biki a Sabon Gari, Goggo ta dubi uwar amarya ta kira ta da sunan mahaifiyar matar da ta daɗe a ƙasa, wai ta taso ta taka. Muka ɗaga amshi mu rufe. Ina! Ta juya kan ta kusa da ita, ita ma haka. Ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, duk matattu take kira, tana murmushi tana yi musu maraba. Makaɗa suka ajiye sanda. A hanyar gida ta ce min, "Ladi, yau kowa ya zo."

Yaran yanzu situdiyo suke shiga, na'ura ta gyara murya, a wurin biki a kunna suna motsa baki. Da Goggo ta gani, tsaki za ta yi. Amma na'ura ba ta mantuwa, ni kuwa na fara. Makon jiya a wani biki a Kwaciri na dubi ƙawata ta shekara da shekaru, na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. 'Yan amshina suka yi ta jan amshi.

Ba a ɗauki muryar Goggo ba, abin da ya rage nata yana maƙogwarona. Da aka tashi bikin Kwacirin nan, wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, kullum ƙara komawa Goggonki kike." Yabona take yi, na sani. Na ce na gode, na kasa tambayarta Goggon wace shekarar take nufi.