Mayafin Gadon Da Bai Kai Bakin Katifa Ba

Wata rana, ana saura kwana tara shekara ta ƙare, na je shagon Sagiru tela a Funtuwa karɓar ɗinkina.

Raina a ɓace yake. Da safe na buɗe jerin abubuwan da na ci alwashin yi a shekarar. Guda goma sha ɗaya na rubuta, biyu na yi. Koyon mota ma ko sitiyari ban taɓa ba.

A ƙarƙashin keken ɗinki na ga wata dattijuwa ta durƙusa tana tsince ƙyallaye daga buhu. Ta ɗaga wannan ta duba a haske, ta ajiye, ta ɗauki wancan.

Sagiru ya ce duk Litinin take zuwa. Guntayen atamfar da aka yanke take kwashewa, ta haɗa su da allura da zare, ta sa tsohon bargo a tsakiya, ta yi mayafin gado.

Ni da son ganin ƙwam, na ce ta nuna mini.

Ta kwance ɗaurin da ke gefenta ta shimfiɗa a kan teburin yanka.

Jama'a, ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba. Kowane ƙyalle bai wuce tafin hannu ba, amma an jera su kamar dama tare aka saƙa su. Har wani ankon biki da na sa bara na gano a ciki.

Sai dai ƙarami ne. Ko rabin gado ba zai rufe ba.

Ta ce na autarta ne, Hanne. Ranar Asabar za a yi mata jere. Tun watan Janairu ta yi mata alkawarin mayafin da zai sauka har ƙasa, ga matasai huɗu.

Kun san bakina ba ya shiru.

Na ce, “Haba Mama, shekara guda cur, ɗan wannan?”

Ta yi dariya. Ta ce, “'Yar nan, sau shida yana kai girman gado. Sau shida ina sa masa almakashi.”

Ashe ungozoma ce.

Ta ce akwai gidan da za a kira ka haihuwa, jariri ya faɗo, ka waiga ka rasa ko tsumman kirki da za ka naɗe shi. Uwar tana kallon ka, kunya ta hana ta magana.

Sai ta koma gida ta yanko daga na Hanne, ta kalmashe bakin, ta kawo.

Na farko a watan Maris. Na damina tagwaye ne, su suka ci yanka biyu.

Na ce to ranar jere fa? Kowa ya san yadda dangin ango suke bin ɗakin amarya da ido, har ƙarƙashin gado sai sun leƙa.

Nan dariyar ta ɗauke.

Ta ce maganar mutane ba ta dame ta ba. Abin da ke cin ranta, ita ta yi wa yarinyar alkawari da bakinta, ga shi kwana biyar ba za su isa ba, idon ma ya fara gajiya.

Wallahi sai na ji kunyar tambayata. Na ce Sagiru ya ba ta ragowar yadina duka. Ta sa mini albarka, ta ce in zo jere.

Na kuwa je.

Wata 'yar uwarsu ta taho da sabon zanin gado na kanti, wai a rufa asiri. Hanne ta aiko daga ɗakin da take zaune, ta ce na uwarta za a shimfiɗa a sama, ko ba za ta hau gadon ba.

Aka shimfiɗa. Ya tsaya a tsakiyar katifa, gefe da gefe a buɗe.

Gwaggon ango ta shigo. Ta shafa ɗinkin, ta yaba, sannan ta taɓe baki.

“Aiki ya yi kyau. To ina sauransa?”

Dattijuwar ta sunkuyar da kai.

Sai wata mata daga bakin ƙofa ta juyo da goyonta. Yaron yana barci, an lulluɓe shi da irin ƙyallayen nan sak.

Ta ce, “Ga wani nan, Gwaggo. Sauran biyar suna tsakar gida, a jikin jarirai.”

Ni dai sai da na nemi gefen mayafina na share ido.

Da na koma gida na sake buɗe jerina. Na tuna wata huɗu da na yi ina jinyar Baba, wanda ba ya cikin lissafin ko kaɗan.

Darasi:

Kafin ka ce shekara ta tafi a banza, duba inda ka yanka ka ba wani. Wani aikin ka gama shi, sai dai ba a gidanka yake ba.

Idan ka san wanda yake zaune yana ƙirga abin da bai ƙarasa ba a bana, tura masa wannan yau.