Kakar da Na Hana Kala

A fadamarmu ta Ambursa, in an yanke shinkafa, an buge ta a jikin ganga, an ɗura a buhu, abin da ya zube ƙasa ba na mai gona ba ne. Na mata masu kala ne. Su zo da tsintsiya da faifai, su share, su sheƙe, su kai gida su ci. Haka na iske mahaifina yana yi, haka na yi har gemuna ya fara fari.

Sai aka rufe boda. A rediyo aka ce don shinkafar waje ta daina shigowa ne, manomi ya ji daɗi. Mun kuwa ji. Manyan motoci suka riƙa biyo mu har bakin gona. Na sake rufin gidana na unguwar Badariya, na kuma fara kallon ƙwayar da ta faɗi ƙasa kamar aljihuna ne ya yage. Da kaka ta zo, na ce wa babban ɗana a shimfiɗa tamfol, a share gonar tas, kada mai kala ta shiga.

Akwai wata tsohuwa, matar wani masunci da ya rasu, wadda take kala a gonar tun ina yaro. Inna muke ce mata. Da hantsi na iske ta duƙe a bayan masu bugu.

"Inna, ba a hwaɗa miki ba? Bana babu kala."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya hana?"

"Ni."

"Kai? Kai da na goya kana yi min zawo a baya?" Masu bugu suka kwashe da dariya. Ta ce, "Shinkafar taku ta yi tsada, ba mu iya awo a kasuwa. Ta ƙasa ma ka ce a'a. To mi za mu ci, rediyo?"

Dariyar ce ta ƙona ni. Na ja faifan, ta riƙe gam. Da sanda a hannuna, na sauke mata a wuyan hannu da duk ƙarfina. Na ji ƙashin ya ɓalle kamar busasshen kara.

Ɗanta yana cikin waɗanda na ɗauko yankan shinkafa a ranar. Ya taho a guje da lauje, ni ya nufa. Ɗana ya shiga tsakani, laujen ya tsarge masa hannu daga gwiwa zuwa tafi. Jini ya malala a tamfol, ya jiƙa shinkafar. Sauran suka yi wa ɗan Inna rubdugu, sanda, ƙafa, wani har ya buga masa dutse a baki. Ni kuwa ina tsaye ina cewa su ƙara masa. Inna ce ta rarrafo da hannu ɗaya ta kwanta a kansa, sannan suka bari.

Aka kai ɗana asibiti a Birnin Kebbi a kan babur. Har yau yatsunsa ba sa lanƙwashewa. Inna aka kai ta wurin mai ɗori a Argungu, hannun ya warke a karkace. Da dattawa suka zauna sulhu, maganar lauje kawai aka yi. Shinkafar da ta sha jini muka wanke, muka shanya, muka sayar.

Daga baya masu mulki suka sake shawara, shinkafar waje ta dawo, farashi ya faɗi, motocin suka daina zuwa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na lura masu rufe boda da masu buɗe ta duk buhu suke gani. Shinkafar da ke zubewa ƙasa, wadda take riƙe gidajen da ba su da gona, ba ta shiga maganarsu. Ni da na san da ita, ni na hana ta.

Na je gidan Inna, na durƙusa a ƙofar ɗakinta na roƙi gafara, na ce ta dawo kala, gonar tata ce.

"Na yahe maka, ɗan nan," in ji ta. Sai ta miƙo hannun, ta gwada kama tsintsiyar da ke gefenta, tsintsiyar ta suɓuce. "Amma da wane hannu?"

Sauran matan ma ba su dawo ba, gonakin maƙwabta suke zuwa. Duk kaka nakan hana a share tawa, in zauna a kan ganga ina jira. Tsuntsaye ne ke sauka su cinye.