Saniyar da ba ta yi makaranta ba

Tun 1974 nake riƙe a zuciya da malamin da ya rataya mini ƙashi a wuya don na yi Fulatanci a aji. Daga ranar na rungumi Turanci, har harshen uwata ya tsere mini.

Jiya na je rugarmu karɓar saniyar da Baffa ya bar mini gado. Na kira, na lallasa, na ja igiya, ta turje.

Ƙanena ya ce, "Hamma, gwada mata Turancin mana. Wataƙila ita ma ta yi makaranta."

Ya faɗa mata kalma ɗaya da Fulatanci, ta bi shi cikin garke.

Ku 'yan boko, me bokon ya cinye muku? Ni dai na dawo gidana a Majidaɗi da igiya, babu saniya.