Gwangwanin Madarar Ƙanwata

Shekara goma sha tara ƙanwata tana shafa gam a kamfanin takalma. A can Inji suke ce mata, don kafin wata ta manna ƙafa ɗaya ita ta gama biyu. Sau ɗaya na kai mata saƙo. Ɗaki ne dogo, taga biyu, mata jere kan benci kowa da burushinta. Minti biyar na yi kaina ya sara. Takunkumin da aka ba ta yana rataye a ƙusa, wai yana hana ta hira. Tsumman goge gam kuwa, jiƙe da ruwan nan mai hawa kai, a rigar mama take cusa shi don kada a ɗauke mata.

Na ce, "Ke ba kya jin warin nan?"

"Yaya, ai muna shan madara."

Al'adarsu ke nan. In an tashi aiki sai a miƙa wa kowa gwangwanin madara, wai yana wanke ciki.

Wata rana tana sauya riga a ɗakina na ga tana kare mamanta na hagu. Da na matsa mata ta ce wani ƙululu ne, wata huɗu ke nan.

"Me kika yi a kai?"

"Na koma gwangwani biyu."

Sai da na yi istigfari kafin na iya buɗe baki. Ni da "bari mu gani" ta kai mijina kabari, na ce mata sai mun je asibiti.

"Allah ne mai warkarwa, Yaya."

"Shi ya ba ki ƙafar zuwa asibiti."

Kwana uku ina zama bakin ƙofar kamfanin da carbina. Abokan aikinta suka fara tsokanarta wai an kawo mata mai gadi. Kunya ta sa ta biyo ni asibiti.

Likitar ta ce ba za ta rantse gam ne ya jawo ba, amma shaƙar irin wannan shekara da shekaru ba alheri ba ne, madara kuma abinci ce kawai. Gwaji ya nuna sankarar mama ce, ba ta bazu ba tukuna. Aka sa Talata ranar tiyata.

Ƙanwata, baiwar Allah, ta gyara zama ta ce ko za a ɗaga zuwa wata mai zuwa, ana sauri kan takalman 'yan makaranta.

Na ce, "Talata za mu zo, likita."

Na riga na ɗauke katin shigarta kamfanin, yana jakata, ta yi ta harara in ta ga dama.