Kaset Ɗin da Ya Tsinke

Dattijo ne mai furfura, yana tsaye a rumfar mai gyaran talabijin. Rigarsa a goge take, amma ya ɓalla maɓallanta a karkace. Yana rungume da tsohon kaset ɗin bidiyo, zarensa ya zubo kamar hanjin kaza.

"Baba, tun ina goye aka daina gyaran wannan," in ji mai gyara. "Faɗi sunan katun ɗin in tura maka a waya."

Bai san sunan ba. Sai kwatance yake yi da hannu: wasu yara biyar ne marasa jin magana, har da mai giɓi da ke ɓoye wa malami takalmi. Yana rera kiɗan farkon. Mu masu jira muna ta dariya, shi ko a jikinsa.

"Don 'yata ne. Shekararta talatin, hankalinta na 'yar biyar. Ba ta buɗe baki sai yaran nan suna guje-guje. Yau kwana uku ba ta ci komai ba."

Ina zaton uwar ta rasu, shi ke riƙe cokalin yanzu.

Yana naɗe zaren da ɗan yatsa, a hankali.

"Liƙa min ko rabi ne, ɗana. Loma goma kawai nake nema."